Ɗakin Kati Ma Karatu Ne: Ina Ɗalibin Bayanan Lafiya Zai Samu Tallafi?

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ga mutanen Kwoi da Nok da Chori da Fai da Daddu da Sabzuro, da waɗanda ke kama mu daga Kafanchan, Kagoro, Zonkwa, Kachia da Kagarko. Wanda ya dawo daga gona, sannu da aiki. Iyayenmu mata da ke bakin murhu, a ɗan ƙara muryar rediyon, don zancen yau ya shafi aljihun gida.

Idan yaro ya samu gurbin karatun likita a garin nan, har a majami'a ko masallaci sai an sanar, kawunai da gwaggonni kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Idan karatun nas ne, nan ma ana guɗa. Amma yarinya ta dawo gida ta ce ta samu gurbin karatun kula da bayanan lafiya, sai a dube ta a ce, wato ba da kati? Shekara huɗu za ki yi don ki iya miƙa kati ta taga? Wannan rainin ba a baki kaɗai yake tsayawa ba. Shi ne ke sa idan an zauna rabon tallafin karatu, a ƙungiyar gari ko a ofishin ɗan siyasa, sunan wannan ɗalibar ne na farko da ake tsallakewa.

To bari mu leƙa ɗakin katin mu ga abin da ke ciki, kafin mu zo ga batun kuɗi.

Miƙa kati ta taga ɗan gefen aikin ne da ido ke gani. Bayan tagar akwai fayil na kowane majiyyaci da lambarsa, kuma lamba ɗaya tak ya kamata mutum ya riƙe a asibiti ɗaya muddin ransa. A cikin fayil ɗin ne likitan da bai taɓa ganinka ba zai karanta cewa shekarun baya an yi maka allurar da jikinka ya ƙi, ko cewa maiɗakinka ta zubar da jini da yawa a haihuwarta ta baya, don haka a tanadi jini tun kafin naƙuda. Idan fayil ya ɓata aka buɗe sabo, duk wannan ya bi ruwa. Likita ya koma tambayar majiyyaci wane magani aka ba shi, shi kuwa abin da zai iya tunawa shi ne, farare ne, ƙanana.

Bayan an sallami mutum, ma'aikacin bayanai yakan karanta abin da likita ya rubuta, ya mayar da shi lamba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundin da ya ba kowace cuta lambarta, ana ce masa ICD. A bugu na 10, wanda aka daɗe ana aiki da shi, zazzaɓin cizon sauro mai tsananin nan da ya fi addabar mu lambarsa B50, hawan jini I10, sikila D57. Bugu na 11 ya fara aiki a watan Janairun 2022. Lambar da aka rubuta a babban asibitin Kwoi, ma'aikaci a Abuja ko a wata ƙasa zai karanta ya gane ba tare da tafinta ba. Kafin ɗalibi ya iya wannan sai ya karanci sassan jikin ɗan Adam da yadda suke aiki, da kalmomin likitanci, da lissafin ƙididdiga, da kwamfuta, da dokar da ta shafi sirrin majiyyaci. Ga inda shekarun suke tafiya.

A ƙarshen kowane wata kuma, ƙananan asibitocin mazaɓu sukan haɗa abin da ke cikin rajistocinsu: mata nawa suka zo awo, yara nawa aka yi wa rigakafi, haihuwa nawa, zazzaɓi nawa. A cike fom, a kai ƙaramar hukuma, a shigar da shi cikin wata manhaja mai suna DHIS2, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway, ƙasashe da dama suke amfani da ita, har da Najeriya. Da waɗannan alƙaluman ake duba yawan allurar rigakafi da gidan sauro da maganin da za a turo mana. Ku tuna dillalin citta a kasuwa. Ko buhu ɗari ya saya, idan littafinsa ya jiƙe rubutun ya goge, bai san wanda yake bi ba, bai san mai bin sa ba. Asibitin da ba shi da ƙwararren mai riƙe bayanai haka yake a idon masu rabon kaya a Kaduna da Abuja: an yi aikin, amma babu shaida, don haka kason da zai samu sai ya ragu. Lokacin da cutar mashaƙo ta ɓulla a Kafanchan a daminar 2023, abin da jami'an lafiya suka fara buƙata shi ne jerin sunaye: wane yaro, wace unguwa, yaushe ya fara, an yi masa rigakafi ko ba a yi ba, su wa ya yi cuɗanya da su. Wani ne ya zauna ya rubuta wannan jerin, kuma ba a taɓa jin sunan irinsa a labarai.

Sai batun sirri. A gari irin namu inda kowa ya san kowa, mai riƙe fayil ya san wadda ta yi ɓari, ya san mai shan maganin ƙanjamau, ya san dattijon da aka yi wa aikin da ba ya so a sani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane asibiti ajiye bayanan majiyyaci, ta haramta fallasa su ba bisa ƙa'ida ba, ta kuma tanadi hukunci ga mai lalata su ko canza su. Tun 1989 ma gwamnatin tarayya ta kafa hukumar yi wa jami'an bayanan lafiya rajista, wadda ake taƙaita sunanta da HRORBN. Ita ke amincewa da makarantu, ita ke shirya jarrabawar ƙwarewa, ita ke ba da lasisi. Aikin da aka kafa wa hukuma sukutum da doka ya wuce a ce masa miƙa kati.

(Ɗan kiɗa)

Yanzu ga maganar kuɗi, kuma zan fara da wadda ba ta da daɗin ji.

Ƙannena ɗalibai, idan kun buɗe waya kuka nemi tallafin karatun wannan fanni da sunansa, za ku ga shafuka birjik, ana lissafo daloli. Kusan dukansu na Amurka ne. Can suna da tsohuwar ƙungiyar ma'aikatan bayanan lafiya, AHIMA, wadda asalinta ya faro tun 1928, kuma tallafin da ke fitowa ta wannan hanya na ɗaliban da ke karatu ne a makarantun da hukumar tantancewa ta can ta amince da su. Ɗalibin makarantunmu na nan gida ba ya ciki. Kada ku ƙone kuɗin data kuna cike fom ɗin da ba a buga dominku ba. A nan gida, taimakon da ɗalibin bayanan lafiya zai samu galibi ba ya ɗauke da sunan fanninsa. Taimako ne na ɗalibai baki ɗaya, a warwatse yake, kaɗan nan kaɗan can, kuma wanda takardunsa suka yi daidai shi ke tsinta.

Ƙofar farko, wadda iyaye da yawa ba su ɗauke ta a matsayin batun tallafi ba, ita ce zaɓen makaranta. Ina roƙon a saurare ni da kyau a nan. Akwai Kwalejin Shehu Idris ta kimiyyar lafiya da ke Makarfi, mallakar jihar Kaduna. Akwai makarantar wannan fanni a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, akwai a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wadda ta fi kusa da mu ta hanyar Kafanchan, akwai kuma a asibitin koyarwa na Aminu Kano. Tsarin da aka saba shi ne ƙaramar difloma shekara biyu, a fita koyon aiki, a dawo babbar difloma shekara biyu, sannan bautar ƙasa. Galibi ana neman kiredit biyar: Turanci, lissafi, bayoloji, kyamistiri da fiziks.

A gefe guda, makarantun lafiya masu zaman kansu sun yi yawa a 'yan shekarun nan, kusan kowace babbar hanya da allonta. Cikinsu akwai na ƙwarai, waɗanda suka daɗe suna yaye ma'aikata nagari. Akwai kuma waɗanda allo ne kawai da fenti da farin yunifom. Abin da ke jan iyaye shi ne sauƙin shiga: ba jiran JAMB, ba dogon layi, ka kawo kuɗi yaro ya fara Litinin. To amma wannan sauƙin yana rufe ƙofofi biyu. Ta farko, yawancin taimakon gwamnati ga ɗaliban makarantun gwamnati yake zuwa. Ta biyu kuwa ta fi muni: idan HRORBN ba ta amince da wannan kwas ɗin a wannan makarantar ba, ba za ta shigar da sunan ɗalibin cikin kundinta ba, ba zai zauna jarrabawarta ba, ba zai samu lasisi ba. An sayar da citta, an sayar da akuya, an sayar da alade, an ƙare da takardar da ba ta buɗe ko ƙofa ɗaya. Kafin ku biya ko sisi, ku tambayi makarantar tambaya biyu, kuma ku nemi ganin amsar a rubuce: HRORBN ta amince da wannan kwas ɗin? NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha, ta amince da diflomar? Ku lura, amincewa da makaranta daban, amincewa da kwas daban. Makaranta tana iya samun izinin koyar da lafiyar al'umma alhali ba ta da na bayanan lafiya. Hedikwatar NBTE kuwa a cikin garin Kaduna take, ba sai an je Legas ba.

Kafin mu bar batun makarantun jiha, a watan Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya sanar da rage kuɗin makaranta a manyan makarantun jihar. A Makarfi ragin kashi 30 ne cikin ɗari, babbar difloma ta sauko daga naira 100,000 zuwa 70,000. Ragin kuɗi ba a kiran sa sikolashif, amma ga uban da ke biya, dubu talatin da ta zauna a aljihu ba ta da bambanci da dubu talatin da aka ba shi. Ku dai tambayi kuɗin da ake biya a zangon da ɗanku zai shiga, kada ku yi lissafi da na jiya.

Ƙofa ta biyu, wadda ta fi kowace faɗi a yau, ita ce asusun lamunin karatu na ƙasa, NELFUND. Shugaba Bola Tinubu ya fara sa hannu a dokar a watan Yunin 2023, amma waccan ta farko ta zo da sharuɗɗa masu wuya: sai an kawo masu tsaya wa ɗalibi guda biyu, sai kuma an nuna cewa samun gidan bai kai wani adadi ba. Manomin da ba shi da takardar albashi, da me zai nuna samunsa? Aka sake dokar a watan Afrilun 2024, aka cire waɗannan sharuɗɗan, aka buɗe shafin nema a watan Mayun shekarar. Yadda yake aiki shi ne, kuɗin makaranta ba ya shiga hannun ɗalibi, kai tsaye ake biyan makarantar. Wanda ya nemi kuɗin kashewa kuma ana tura masa naira 20,000 a wata cikin asusunsa na banki. Babu kuɗin ruwa. Biya yana farawa ne shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi, mai sana'ar kansa kuma ya riƙa biya daga ribarsa.

Na san abin da wasu dattawanmu ke faɗa: bashi bashi ne, ko ba ruwa. Gaskiya ne, kuma kada wanda ya ruɗi yaro ya ce masa kyauta ce. Amma a ganina, ga gidan da zaɓinsa shi ne ko yaro ya zauna gida, ko a ci bashin mai ba da kuɗi da ruwa, ko a sayar da citta tun tana ɗanya a farashin wulaƙanci, wannan lamunin ya fi kowanne sauƙi. Mun ga abin da ya faru a 2023, da cuta ta faɗa wa gonakin citta a Jaba da Kachia da Kagarko, ganye ya ƙone, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Gidaje da yawa da citta ke biya wa 'ya'yansu makaranta shekara da shekaru suka wayi gari babu ko iri. Tsarin da zai riƙe yaro a aji a irin wannan shekarar bai kamata a guje shi don kunya ba. Sharaɗin dai shi ne makarantar ta kasance ta gwamnati, kuma ta tura sunayen ɗalibanta ga asusun. Wannan ma tambaya ce da za a yi tun kafin a karɓi gurbi: kuna cikin NELFUND? Ɗaliban wannan kwas ɗin suna samu?

Sai Hukumar Tallafi da Lamunin Karatu ta jihar Kaduna. Wannan kam tana ba da tallafin da ba a biya, akwai na masu hazaƙa, akwai na masu ƙaramin ƙarfi, akwai na masu buƙata ta musamman. Ta intanet ake nema, kuma tana buɗewa ta rufe, don haka sai ana sa kunne. Ita ma Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya, ƙarƙashin ma'aikatar ilimi, tana da kaso na ɗaliban babbar difloma a makarantun gwamnati, amma maki take dubawa, gasar kuma ta ƙasa baki ɗaya ce. Wanda ya yi wasa da ƙaramar difloma ya riga ya fitar da kansa. Akwai kuma sunaye biyu da ɗalibai ke yawan ambata, TETFund da PTDF. Na farkon malamai da gine-ginen makarantu yake tallafawa, na biyun na fannin man fetur ne. Ba ƙofofinku ba ne, ku wuce. Na ƙasashen waje irin su Chevening na Ingila, na digiri na biyu ne, sai an yi digiri an kuma yi aiki na aƙalla shekara biyu. Ku ajiye shi a zuciya, lokacinsa bai yi ba.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, yanzu mun zo inda ɗalibanmu na kudancin Kaduna suka fi faɗuwa, kuma ba rashin ƙoƙari ke kayar da su ba. Suna ne.

Yaro a ƙasarmu ta Ham, wato Jaba, yakan tashi da suna uku ko huɗu. Akwai na yaren gida da kaka ta raɗa masa, akwai na baftisma ko na yanka, akwai na rana irin su Danladi ko Laraba ko Talatu, ga kuma sunan uba, wani lokaci na kaka. A firamare hedimasta ya rubuta biyu daga ciki. A WAEC aka rubuta uku, aka juya jerinsu. Ranar yin katin ɗan ƙasa, mai kwamfutar bai iya rubuta sunan yarenmu na Hyam ba, ya ƙara harafi ko ya rage. A banki kuma aka buɗe asusu da sunan da abokai ke kira. Ranar haihuwa ita ma haka: wata a takardar haihuwa, wata a JAMB saboda an rage shekara. Duk garin sun san mutum ɗaya ne. Kwamfuta ba ta sani ba. NELFUND tana neman lambar JAMB da NIN da BVN da lambar ɗalibi ta makaranta, kuma idan bayanan suka saɓa wa juna sai neman ya maƙale, ba wanda zai kira ka ya gaya maka dalili. Sai yaro ya dawo gida yana cewa sai mai uwa a gindin murhu ake ba. Wani lokaci akwai son kai a rabon tallafi, ba zan musa ba. Amma sau da yawa harafi ɗaya ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gyaran suna a katin ɗan ƙasa ko a banki ko a JAMB yana cin kuɗi, yana cin lokaci, wani sa'in sai an yi rantsuwa a kotu an buga a jarida, kuma ba a gama shi cikin mako biyun da shafin tallafi yake buɗe. Iyaye, tun yaro yana aji biyar na sakandare ku zauna ku tsayar da suna ɗaya, da jeri ɗaya, da rubutu ɗaya, da ranar haihuwa ɗaya, kowace takarda ta bi wannan. Ku kuma ɗalibai, ku da kuke shirin riƙe fayil ɗin dubban mutane, ku fara da naku. Takardar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma, sakamakon jarrabawa, takardar samun gurbi ta JAMB da ta makaranta, rasit na kowane biya, duk a folda ɗaya, a ɗauki hotonsu a ajiye a imel. Kuma imel ɗin da lambar wayar su zama naku na kanku. Da yawa sun bar mai shagon intanet ya yi musu rajista da lambarsa, ranar da saƙo ya zo shi ya samu, su kuwa suna gida suna jira. Haka nan a guji shiga makaranta ba ta hannun JAMB ba, don hakan yana hana lamuni, daga baya ya hana bautar ƙasa.

Ɓarayi ma sun san lokacin tallafi. Za ku ga saƙo a WhatsApp, wai an buɗe sikolashif, ka danna nan, ka tura wa mutum goma, ka biya dubu biyar na fom. Neman NELFUND kyauta ne. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya sa sunanka a jeri, ko ya nemi lambar sirrin da banki ya turo maka a waya, ɓarawo ne ko da ya zo da kwat da katin aiki a wuya.

Akwai wani rukuni da nake so su ji wannan: 'yan'uwanmu da suka daɗe suna aiki a ɗakin kati na asibitocin gwamnati da takardar sakandare kawai, sun iya aikin a hannu amma matakin albashinsu ya tsaya cik. Dokokin aikin gwamnati sun tanadi hutun ƙaro karatu, wani har da albashi, bisa sharaɗin mutum ya dawo ya yi aiki na wasu shekaru. Wannan shi ne tallafin da ya fi kusa da ku. A nema a rubuce, ta hannun shugaban sashe, a karɓi amincewa a rubuce kafin a tafi. Wanda ya tafi da izinin baki kawai, ranar tantance ma'aikata zai ga sunansa cikin waɗanda suka gudu daga aiki.

To ko an samu lamuni, ko an samu na jiha, akwai ramukan da ba sa cikewa. Kuɗin shigar da suna a kundin HRORBN, kuɗin jarrabawar lasisi, kuɗin mota da ɗaki lokacin da aka tura ɗalibi koyon aiki a wani asibiti nesa da makaranta, da kwamfutar hannu, wadda a wannan fannin kayan aiki ce kamar fartanya ga manomi. Waɗannan ba manyan kuɗi ba ne idan aka kwatanta da karatun likita, amma su ne ke sa ɗalibi ya gama aji ya kasa zama jarrabawar ƙarshe, ya dawo gida da ilimi babu lasisi.

Nan ne nake kira ga gari. Kwoi ba baƙuwar boko ba ce. Tun zuwan 'yan mishan na SIM a 1910 mutanen nan suka rungumi makaranta, suka noma citta suka yi karatu da kuɗinta, har ya zama da wuya ka shiga babbar ma'aikata a Kaduna ko Abuja ba ka tarar da ɗan Ham ba. Kowace shekara ana dawowa bikin Tuk Ham, ana taron ƙungiyoyin ci gaban ƙauyuka, ana alkawura. Ga Zumuntar Mata a majami'u, ga kwamitocin masallatai, ga ƙungiyar dillalan citta. Abin da ake kashewa a ɗauki nauyin ɗalibin likita guda zai iya cike ramukan ɗaliban bayanan lafiya da dama. Ban ce a bar likita ba. Na ce a daina tsallake wannan. Kuma idan za a yi, a yi shi da tsari: a sanar da watan da za a karɓi takardu, wata ɗaya kowace shekara, a biya kai tsaye ga makaranta ko hukumar jarrabawa, a karɓi rasit, a karanta sunayen waɗanda suka samu a gaban taro. Ɗan kaɗan da ɗalibi ya san zai zo a kan lokaci ya fi masa amfani a kan babbar kyautar da ke fitowa shekarar zaɓe kawai, da hoto da mai ɗaukar bidiyo, ta ɓace sai bayan shekara huɗu.

Wani uba zai ce, to idan ya gama akwai aiki? Ba zan yi muku alkawarin da ba nawa ba. Akwai masu lasisi da ke zaune gida, akwai masu aikin sa kai a asibitoci shekara da shekaru suna jiran a ɗauke su. Amma ga abin da ke ƙasa. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da mayar da asibitin Patrick Yakowa na Kafanchan cibiyar lafiya ta tarayya, kuma asibiti irin wannan ba ya tafiya sai da cikakken sashen bayanai. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, manufar kuma ita ce kowace mazaɓa ta samu asibitin matakin farko mai aiki, kowanne da rahoton da zai tura duk wata. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga 'yan ƙasa, jiha tana da hukumarta, KADCHMA, kuma asibiti ba ya karɓar kuɗinsa daga inshora sai da bayanan da aka cike daidai. Manyan asibitoci suna ta barin takarda suna komawa kwamfuta. Ƙungiyoyin da ke yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da ƙanjamau kullum suna neman mai iya tattara alƙaluma ya tsabtace su. A duk waɗannan wuraren, wanda ya haɗa lasisi da iya kwamfuta na gaske, ya iya Excel, ya taɓa DHIS2 da hannunsa lokacin koyon aiki, shi ake fara kira. Wanda ya tsaya a jera fayil a kanta kawai zai sha wuya, don kantocin ne ake shirin kwashewa.

Lokaci ya cimma mana. Ɗaliban da ke saurare, kafin ku kwanta yau ku ɗauko takardar WAEC ko NECO, da ta NIN, da abin da banki ya rubuta a kan asusunku, ku jera su a ƙarƙashin fitila ku karanta sunan harafi bayan harafi, sannan ranar haihuwa. Wanda ya ga saɓani, gobe da safe ya nufi ofishin da ya yi kuskuren. A mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu ɗauki batun gyaran suna a katin ɗan ƙasa da banki, mataki bayan mataki.

(Kiɗan rufe shiri)